Ranar da Inna Dije Ta Tsayar da Ɗiban Tumatir

Akwai wata ranar Laraba cikin kakar tumatir da har gobe ba za ta fita daga raina ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in koma sabon wurin da aka mayar da ni, ita zan ba ku, musamman ku da kuka kama aiki bana.

A lokacin ina ƙaramar jami'ar lafiyar al'umma a wani ƙaramin asibiti da ke bakin babban kanal na ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Ba mu da likita. Shugabanmu Malam Auwalu ne, babban jami'in lafiyar al'umma, wanda mutanen gari ke kira Likita, mu kuma mu kira shi Incaj. Shi ke duba marasa lafiya ya rubuta magani, shi kuma ke yanke shawarar wanda za a tura babban asibiti. Ni aikina awo, rigakafi, allura da wankin ciwo.

Watanni kaɗan kafin ranar, wata ƙungiya mai aikin rage illar shaye-shaye ta kira mu horo a Kano. An yi mana bayanin cewa ƙwayoyin da ake sayarwa a bakin titi da sunan taramol ba duka ne taramol ba. Masu buga na jabu sukan zuba musu wasu sinadarai da ake haɗawa a ɓoye, dangin magungunan kashe raɗaɗi ne amma ƙarfinsu ya wuce misali. Aka ambaci fentanil, aka ambaci nitazin. Ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba yana iya tsayar wa babban mutum numfashi. Aka ba kowane asibiti tsinkayen gwaji iri biyu, masu kama da na gwajin ciki, da 'yan kwalaben allurar nalokson, wadda ke karya ƙarfin irin wannan guba ta dawo da numfashi.

A hanyarmu ta dawowa na ce wa Malam Auwalu, "Yallaɓai, waye zai ɗauko ƙwayarsa ya kawo wa ma'aikacin gwamnati ya ce a gwada masa? Ai sai ya zaci kama shi za a yi."

Ya ce, "Ki dai ajiye su inda hannu zai kai da sauri, Hadiza."

Na ajiye. Suka yi ta zama a kabad babu wanda ya taɓa su. Kuma a zuciyata, idan ma za a yi amfani da su, samari 'yan lodi da 'yan acaɓa nake hangowa. Ko kusa ban kawo mata a ciki ba.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi, ina tsakiyar awon masu ciki, adaidaita sahu ya shigo harabar asibiti a guje. Mata biyu suka sauko da wata a hannu, jikinta ya saki gaba ɗaya. Sunanta Sa'a, bazawara ce mai 'ya'ya uku, tana cikin matan da ake ɗauka ɗiban tumatir a gonakin noman rani. Wadda ta riƙo kan Sa'a ita ce Inna Dije, shugabarsu. Duk wanda ke noma a yankin ya san Inna Dije. Dattijuwa ce doguwa, ba ta da yawan dariya. Ita manoma ke nema idan tumatir ya nuna, ita ke tattaro matan, ta raba musu layi, ta karɓo musu haƙƙinsu da yamma. Ko a gidan biki, idan ta yi magana, an gama.

"Likita, feshi ne!" in ji ɗaya matar. "Jiya aka yi wa gonar kusa da mu feshi. Tana cikin ɗiba ta ce jiri take ji, ta zauna, shi ke nan."

Ni ma abin da na zata ke nan, don a yankinmu gubar maganin ƙwari ba baƙuwa ba ce. Malam Auwalu ya haska idonta da tocila. Baƙin tsakiyar idon ya tsuke kamar kan allura. Na juya zan ɗauko maganin gubar feshi, ya ce in dakata. Ya buɗe bakinta, ya shafa goshinta, ya sa abin sauraro a ƙirjinta.

"Dubi nan," ya ce da ni. "Mai gubar feshi za ki gan shi sharkaf da gumi, yawu na zuba, ƙirji na ƙara. Wannan a bushe take. Saurari numfashin."

Na saurara. Sai ta ja ɗaya, a yi shiru har gabana ya faɗi, sannan ta sake jan wani da minshari. Leɓɓanta sun fara yin duhu.

"Nalokson," ya ce. "Maza. Ki miƙo mini jakar hura iska."

Yana matsa mata iska, na yi mata allurar a cinya. Ban taɓa yin ta ga mutum ba sai ga 'yar tsanar roba a wurin horo. Bayan 'yan mintuna Sa'a ta ja wani dogon numfashi, ta buɗe ido, ta fara yunƙurin amai. Matar da ta rako ta ta fashe da kuka tana ta salati.

Malam Auwalu bai saki fuska ba. Ya ja kujera kusa da gadon, ya yi ƙasa da murya.

"Sa'a, sannu. Allurar nan da ta tashe ki ba ta aiki a kan feshi. Abu ɗaya take karyawa. Me kika sha yau da safe?"

"Koko da ƙosai," ta ce, ta kau da kai.

"Ban da su fa? Ba hukuma ba ce nan, ba kuma za a rubuta ba."

"Wallahi ban sha komai ba."

Ya bar ta. Ba a jima ba idanunta suka fara lumshewa, numfashin ya koma gidan jiya. Muka ƙara allura ta biyu, ta sake farfaɗowa. Nan ya dube ni, na gane abin da yake nufi. A horo an faɗa mana cewa idan mutum ya tashi ya sake komawa da wuri haka, abin da ke jikinsa mai ƙarfi ne ƙwarai.

Ya juya wajen Inna Dije, wadda tun shigowarta take tsaye jikin bango.

"Inna, idan ban ga abin da ta sha ba, a makance nake aiki. Kuma ba na jin ita kaɗai ke da shi."

Ɗakin ya cika a lokacin. Masu awo sun leƙo, akwai matar limamin unguwar su Inna Dije a ciki, akwai maƙwabtanta. Na ga Inna Dije ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Tana iya jan Malam Auwalu gefe ta raɗa masa. Tana ma iya yin shiru, babu wanda zai zarge ta. Sai kawai ta kamo bakin zanenta, ta kwance ƙullin da haƙori, ta zube jajayen ƙwayoyi a tafin hannunsa.

"Ga shi. Maganin gajiya muke ce masa. Kada ka matsa wa yarinyar nan, kunya take ji. Ni nake saye, ni nake raba musu, ni ma ina sha."

Wata daga bakin ƙofa ta ce, "Inna Dije, ke?"

"Ni," ta ce, ba ta ko juya ba. "Ki duƙa daga fitowar rana zuwa la'asar kina cika kwando, sannan ki zo mu yi maganar."

Ta yi mana bayani a taƙaice. Wani mai yawo da magani a babur ne ke kawo mata. Kullum kowace mace tana samun biyu, ɗaya da safe, ɗaya bayan azahar. A ranar, ragowar tsohon kaya ta raba musu na safe. Sa'a ta makara, tsohon ya ƙare, sai ta ɓallo mata daga sabon da aka kawo jiya.

Malam Auwalu ya ce in yi gwajin a gabanta. Ga yadda ake yi, ga waɗanda ba su taɓa gani ba. Za ka sa safar hannu, ka kankare ɗan garin ƙwayar da reza a cikin murfin gora mai tsabta, ka ɗiga ruwa ka dama, ka tsoma bakin tsinken na ɗan lokaci, ka kwantar da shi ka jira. Kuma ku riƙe wannan, don yana ruɗar sababbi: layi biyu na nufin ba a ga komai ba, layi ɗaya shi ne an gani. Na tsoma na fentanil, ya fito da layi biyu. Har na fara ajiyar zuciya. Na nitazin ya fito da layi ɗaya tak. Na sake da wata ƙwayar, haka ya sake fitowa.

"Me ya ce?" in ji Inna Dije.

"Akwai guba a ciki, Inna. Ita ta kayar da Sa'a."

Ta ɗaga kai ta dubi inuwar da ke tsakar asibitin, sai na ga fuskarta ta canza.

"Na bayan azahar duk daga sabon ne," ta ce. "Tun da safe na raba musu. Yana ƙulle a zanen kowacce."

Rana ta kusa kaiwa tsaka. Ta kira wayar da suka bari a gona, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, don a ƙarƙashin bishiya suke ajiye kayansu. Malam Auwalu ba shi da halin barin Sa'a, yana jiran motar da za ta kai ta babban asibiti, kuma kowane lokaci tana iya bukatar wata allurar. Ya raba kwalaben nalokson gida biyu, ya zuba mini rabi a jaka tare da tsinkayen.

"Ki bi ta. Kada ki yi wa kowa wa'azi, kada ki tambayi sunan kowa. Ki bar Inna ta yi magana, ke ki yi gwaji."

Adaidaitan da ya kawo su shi ya ɗauke mu. Muka bi hanyar gefen kanal har inda ta ƙare, muka sauka muka ƙarasa da ƙafa ta kan kunyoyi. Ni da ƙuruciyata sai da na yi ta sassarfa kafin in cim mata. Takalminta ɗaya ya maƙale a taɓo, ta bar shi nan.

Gonar Alhaji Ado ce, mai fili babba a wajen. Matan sun haura ashirin, duk a duƙe. A bakin gona babbar mota na tsaye, an yi mata rabin lodi, za ta kudu. Tun daga nesa Inna Dije ta ɗaga murya.

"Kowa ta ajiye kwando! Ku zo nan gindin mangwaro!"

Alhaji Ado ya taso daga inda yake zaune da direba.

"Dije, lafiya? Motar nan kafin la'asar za ta tashi. Kin san tumatir ba ya jiran kowa."

"Alhaji, ka yi haƙuri. Ba mai sake taɓa kwando sai na gama magana."

"A gonata?"

"A gonarka. Matan dai nawa ne."

Da suka taru, a gaban Alhajin da direbansa da 'yan lodi, ta faɗi abin da ta faɗa a asibiti, ba ta rage komai ba. Ta ce Sa'a ta kusa mutuwa, kuma da hannunta ta ba ta abin da ya kayar da ita. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta ce kowa ta kwance nata ta zuba.

Ba wadda ta motsa. Maza na kallo. Wata ta ce ita ba ta san zancen da ake yi ba. Wata kuma, mai ɗan ƙarfin hali, ta ce, "Inna, shekara nawa muna sha bai kashe mu ba? In ban sha ba, wa zai ƙarasa mini layina?"

Inna Dije ta dube ni. "Malama, nuna musu."

Na durƙusa na yi gwajin a kan murfin bokiti, da ragowar ƙwayoyin da ta riƙo. Suka zagaye ni. Na gaya musu tun kafin ya fito abin da layi ɗaya ke nufi, don kada a ce na juya magana. Ya fito ɗaya. Wata ta tuna tana da rabin tsohuwar ƙwaya ta jiya, ta ce a gwada ita ma a gani. Na gwada, ta ba da layi biyu. Na ce musu wannan ba ya nufin lafiyayyiya ce, yana nufin tsinkena bai ga abin da ya sani ba ne kawai. Amma bambancin da suka gani da idonsu ya fi duk bayanina aiki. Wadda ta yi gardamar ita ta fara kwance zanenta. Sauran suka bi.

Inna Dije ta tsuguna tana duba abin da aka zuba, tana duban fuskoki. Ta san wadda ta ba da wadda ba ta ba ba.

"Ina Hansai?"

Hansai tsohuwa ce, ta ma girme ta. Aka waiwaya, aka hango ta can ƙarshen layi a zaune, ta jingina da kwando. Ashe bayanta ya matsa mata, ba ta jira azahar ba. Da muka isa tana buɗe ido idan an girgiza ta, amma harshenta ya yi nauyi, numfashin ya fara nisa. Na haska idonta, na ga abin da na gani a idon Sa'a. A nan cikin tumatir na yi mata allurar, muka kwantar da ita ta gefe, Inna Dije ta tallafe kanta tana kiran sunanta har ta amsa.

Alhaji Ado, don Allah a faɗi gaskiya, shi ya ba da ƙaramar motarsa aka kai Hansai asibiti. Amma ranar ba a ƙarasa lodi ba, kuma tun daga nan bai sake ɗaukar matan Inna Dije aiki ba.

Na zaci a nan za ta tsaya. Muna dawowa ta ce da mai adaidaitan ya juya. Mai babur ɗin nan ba ita kaɗai yake kai wa ba, akwai shugabannin mata irinta a wajen Kadawa da cikin Bunkure, wasu ma ba sa ga maciji da ita saboda rububin aiki. Har yamma muna shiga gona muna fita. Ko'ina da kanta take farawa: ni Dije ina sha, ni na raba, ga abin da ya faru. Wasu suka karɓe mu, suka kawo aka gwada. Wata ta kore mu, ta ce sharri aka zo yi mata. Inna Dije ta tsaya a bakin gonar ta faɗa da ƙarfi yadda matan ciki za su ji, sannan muka tafi. Mai babur kuwa labari ya riga mu isa gare shi, ba a sake ganinsa a yankin ba.

Washegari Malam Auwalu ya rufe samfurin ƙwayoyin a leda, ya kai wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma don a tura babban ɗakin gwaji. Dokar aikin ke nan: tsinke gargaɗi ne na gaggawa, ɗakin gwaji ne ke tabbatarwa. Ina tare da shi. Shugaban ya karanta rahoton, ya ce ina sunayen matan da aka samu da kayan.

Malam Auwalu ya ce, "Ranka ya daɗe, rahoton ƙwaya na kawo. Ga launinta, ga tambarin da ke jikinta, ga inda ta yaɗu. Ranar da na rubuta sunan mace ɗaya, daga ranar ba wadda za ta sake kawo mana, sai dai a kawo mana ita."

Shugaban ya sa hannu. Bayan makonni sakamako ya dawo, ya tabbatar da abin da tsinken ya nuna, aka aika wa sauran asibitoci sanarwa.

Sa'a da Hansai duk sun tashi. Amma kada ku zaci daga ranar kowa ta daina sha. Wadda jikinta ya saba, idan ta yanke rana ɗaya, ciwon gaɓɓai da zawo da rashin barci za su kwantar da ita. Malam Auwalu ya buɗe tagar baya ta ɗakin magani, ya ce duk mai son gwaji ta zo nan, babu kati babu suna. A nan muke gaya musu kada wadda ta sha ita kaɗai a ɓoye, kada a haɗa da maganin barci ko na tari, kuma idan aka ga mutum na minshari ba ya tasuwa, kada a ce barci yake, a kwantar da shi ta gefe a kawo shi da gudu. Masu son rabuwa da ita muka riƙa tura su inda ake rage musu a hankali, muna duba musu ciwon bayan da ya jefa su ciki tun farko. Inna Dije na cikin na farko da suka je, kuma ta sha wuya kafin ta rabu da ita. Daga baya har 'yan lodi suka fara zuwa tagar.

Ita kuwa ta biya abin da mu ba mu biya ba. A gari aka sa mata suna dillaliyar ƙwaya. Manoma da dama suka janye, wasu matan suka koma ƙarƙashin wasu shugabannin. Ɗanta na fari ya yi wata biyu bai taka gidanta ba. Wata rana ta zo karɓar maganin bayanta, na ga ta rame, na kasa haƙuri.

Na ce, "Inna, da kin ja Likita gefe kin gaya masa a asirce, ai da duk wannan bai same ki ba."

Ta ce, "Na yi wannan tunanin a tsaye jikin bangon nan, 'yar nan. Amma idan ni na ɓoye fuskata, da wane baki zan ce wa mace ta kwance zanenta a gaban maza? Sun ga na yar da kunyata ne suka yar da tasu."

"Ba ki yi da-na-sani ba?"

"Wani lokaci ina yi, idan na wuce majalisa aka yi shiru. Sai in bi ta ƙofar gidan Sa'a in ji tana yi wa 'ya'yanta faɗa, in wuce abina."

Abin da na koya ke nan, kuma shi zan bar muku. Gwajin nan kowa zai iya koyonsa cikin rabin yini. Abu mai wuya shi ne samun ƙwayar da za a gwada, kuma ba a hannunmu take ba. Tana hannun mutumin da ya san cewa idan ya miƙo ta, zai iya rasa aikinsa da mutuncinsa a gari, mu kuwa ba abin da za mu rasa. Saboda haka duk ranar da wani ya zo tagar baya yana waige-waige, ko dattijo ne, ko matar aure, ko wanda kuke bi salla a bayansa, kada fuskarku ta nuna mamaki. Ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ba shi wurin zama, ku karɓa da hannu biyu.